Ciyawar da Baba Modu Bai Gaya Mini Sunanta Ba

Na fi shekara biyu ina juya maganar wannan rubutu. Sau uku ina sayen littafi, in fara, in yage. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in rubuta abu a karkace, wani ya bi ya ɓata amyarsa a ce ni na koya masa. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, sirrin sana'a zan faɗa, wanda ya ba ni kuwa ya ce kada in baza shi. Na tambayi limaminmu, ya ce in ɓoyewar za ta kashe abin da aka ba ni amana, to in fitar. Na sake zuwa Hadejia na tambayi wani malamin da bai san ni ba, don kada ya zama na nemi wanda zai faɗa mini abin da nake so ne kawai. Shi ma haka ya ce. Shi ne na zauna rubutawa.

Sunana Sale. Ƙauyenmu yana bakin fadama ta wajen Auyo, kuma na kusa shekara arba'in ina kiwon zuma. Da ku nake, samarin da kuka shigo ƙungiyarmu da akwatunan katako da rigar raga. Na sha jin kuna cewa babu sana'a mai sauƙi irin wannan, zuma ba a ba ta dusa, ba a kai ta kiwo, ka ajiye akwati ka dawo ka kwasa. To ita zumar, wa ya ce mata ta shiga akwatin naka? A nan aikin yake.

Saƙar amya ce aikin farko da aka sa ni. Amya ita ce ɗakin zuma na gargajiya, doguwa kamar ganga, da gamba ake saƙa ta. Wanda ya koya mini shi ne Baba Modu, Babarbare ne, iyayensa daga wajen tafkin Chadi suka zo. In ka gama saƙa sai ka shafe cikinta da ɗanyen kashin shanu, ka bar ta a inuwa kwana bakwai. In ka shanya ta a rana, shafen ya tsage, cinnaka ta sami hanya. Marfin kuma ƙofarsa kada ta fi babban yatsa, in ta fi, ƙadangare zai shiga. Amyata ta farko kwana huɗu na yi a kanta. Baba Modu ya zura hannu ciki, ya leƙa, ya ga rana tana shigowa ta wuri uku.

Ya ce, "Wannan ta zuma ce ko ta kaza? Kai wa innarka ta sa wa kajinta su yi ƙwai."

Shekara uku na yi ina saƙa, ina murza igiyar kaba, ina hawa tsamiya da kanya da gawo ina ratayewa, kafin ya bar ni na tsaya kusa da ramin turare.

Turara amya shi ne ainihin sana'ar. Da kaka, in ruwa ya fara janyewa, gawo ya fara fure, zuma takan rabu. Wani ɓangare ya tashi da uwarsa yana neman sabon gida. In ya sami amya mai ƙamshin da ya yarda da shi, ya shiga. In bai samu ba, ya shiga duk inda ya ga rami. Don haka kafin a rataya amya sai a haƙa rami kamu ɗaya, a zuba garwashi, a barbaɗa haɗin, a kife amyar a kai har hayaƙi ya riƙa fita ta jikin saƙar. Haɗin Baba Modu abu biyar ne: kakin zuma, da kajiji, da busasshiyar ɗoɗɗoya, da ƙaron maje. Huɗu ke nan. Ta biyar wata 'yar ciyawa ce da ke fitowa a bakin wani tafki bayan ƙauyenmu, ƙarƙashin itatuwan giyayya, daidai inda ruwa ya sauka ya bar laka. Wata guda take yi ta bushe. Ranar da ya kai ni wurin, na tambaye shi sunanta.

Ya ce, "Sunan za ka ƙona ko ita? Ga ta, ga inda take. Sunan da ka sani, wata rana bakinka zai faɗe shi a kasuwa."

Shi kansa "mutuniyar" yake ce mata. Ni ma haka na ci gaba da ce mata. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban sake tambaya ba. Ban ga dalili ba, tunda kowace kaka tana nan inda take.

Bayan rasuwarsa ne muka kafa ƙungiya, mu ashirin da 'yan kai daga ƙauyuka huɗu. Muna zama ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan Malam Haruna, shugabanmu, wanda tsohon masunci ne. Dokokinmu ba su da yawa. Ba a cin zuma da wuta mai harshe, hayaƙi kawai. Ba a taɓa saƙar zumar da ke da 'ya'ya. Da bazara kowa ya ajiye kasko da ruwa da 'yan karare a ciki kusa da amyoyinsa, don kada zuma ta je shan ruwan gonar da aka yi wa feshi. Sai dokar da ta fi ba mu wahala: in zuma ta sauka a gidan wani, aka kira mu ba a ƙone ta ba, mai gidan yana da kwalba guda kyauta in an ci. Da haka muka rage ƙone-ƙonen da ake yi a da. Turare kuwa aka bar mini. Kowace kaka duk 'yan ƙungiya su kawo amyoyinsu gidana, in turara, ladana saƙar zuma ta farko da aka ci daga kowane mutum.

Sayarwa ba ta hannunmu take ba, ta hannun Ya Falmata take, babbar 'yar Baba Modu. Ta girme ni da kusan shekara goma. Ita ke tace zuma, ta dafa kaki, ta kai Hadejia ranar kasuwa. Masu saye iri-iri ne. Wani ya tsoma ashana ya ƙyasta, wani ya ɗiga a ƙasa ya ga ko za ta dunƙule, wata ta ɗanɗana sau uku ta ce da sukari a ciki sannan ta saya. Ya Falmata takan ce musu, "Ku tambayi Sale. Mutumin da ke kwance igiyar da ya ɗaura don ya ga ko ya ɗaure ta da kyau, shi zai zuba muku sukari?" Gaskiya ne ina yin haka. Igiya in ta kwance, amya ta faɗo kan masu wucewa, wa za a kama?

Ɗibar mutuniyar na je yi wata kaka, bayan wata babbar ambaliya, na tarar ruwa bai sauka daga bakin tafkin ba. Na ce to, bana ruwa ya yi yawa. Shekara ta zagayo, na koma, kacalla ta fara tsayawa a wurin. Wanda ya san fadamar nan ya san kacalla: doguwar ciyawar ruwa ce, in ta kama wuri ba ta barin komai ya fito. A shekara ta uku ko giyayyar ba a iya kaiwa gare ta sai da kwalekwale da adda. Ina da ajiyar busasshiya a cikin wani gora, na riƙa rage hannu. Inda nake zuba tafi guda na koma rabi, daga rabi na koma abin da yatsu uku suka ɗauka. Zuma ta ci gaba da shiga. Ban gaya wa kowa ba. Kullum ina cewa baɗi ruwa zai sauka.

A kaka ta biyar na kife goran, ƙura kawai ta fito. Amyoyi kuwa sun cika zaurena har waje, sun fi sittin.

Abin da na yi shi ne na hau babur na tafi kasuwar Hadejia, layin masu kayan ƙamshi. Na bi ina shinshinawa tun hantsi har azahar. A wurin wani dattijo na sami wasu 'yan saiwoyi da ƙamshinsu ya yi kusa da nata. Ya ce mata ke saye suna haɗa turaren wuta. Da na murza na ji maiƙo a yatsana, na tambaye shi ko an jiƙa su da turaren kwalba. Ya ce shi dai haka aka kawo masa. Na kawo gida na wanke su sau biyu, na shanya, na daka, na zuba a madadin mutuniyar. Hayaƙin ya yi daɗi ƙwarai. Har Malam Haruna da ya zo ɗaukar nasa ya ce, "Kai Sale, bana amarya za mu saka a ciki ko zuma?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Duba amya bayan an rataya ba ya buƙatar hawa. Ka tsaya a ƙasa da hantsi ka kalli ƙofar. In ta shiga za ka ga ana shige da fice, wasu da garin fure a ƙafa. A shekara mai kyau, cikin goma bakwai ko takwas sukan kama kafin sanyi ya yi ƙarfi. Wannan shekarar na yi mako uku ina zagaye. Sai in ga 'yan leƙen asiri sun zo, biyu ko uku, sun zagaya bakin amyar, sun shiga, sun fito, sun tafi. Ba su dawowa da jama'a. Cikin sittin da wani abu, tara suka kama.

Zumar da ta ƙi amya ba ɓacewa take yi ba. Gari take shiga. A mako guda aka kira mu sau biyar, wata a rufin aji, wata a cikin tsohuwar randa, wata a bangon masallaci. Ba mu kai ko'ina a kan lokaci ba. Wata safiya aka ce ta sauka a rumbun wani bawan Allah a ƙauyen da ke gaba da mu, ta harbi jikarsa a fuska. Kafin mu tsallaka ruwa, ya fesa mata maganin ƙwari na fiya-fiya ya bi da wuta. Da muka isa, gawarta ta cika faranti biyu. Na sa kara na tona na sami uwar a tsakiya, sauran sun dunƙule a kanta. Mai rumbun ya ce, "Ku riƙe kwalbarku. In ba za ku iya tsare dabbobinku ba, mu za mu tsare 'ya'yanmu." Ban ga laifinsa ba. Kafin sanyi ya wuce, waɗanda na ji labarin an ƙone sun kai goma sha ɗaya.

A zaman Juma'ar da ya biyo baya kowa ya zo da zafi. A shekarar wasu manoma sun shuka kankana da yawa a bakin fadama suna feshi safe da yamma. Nasiru, wanda ya fara kawo mana akwatin katako, mutum mai karatu da ƙoƙari, ya miƙe ya ce feshin ne ya kore zuma. Ya ce a rubuta takarda a kai wa mai gari, a hana su feshi ko a tashe su daga wurin. Kowa ya ce haka ne. Aka kawo takarda da biro, aka fara kiran sunayen manoman.

Ni kuwa na san bambanci. Zumar da feshi ya taɓa, a gindin itace ake samunta, tana juyi a ƙasa, harshe a waje. Na duba gindin kowace bishiya ban ga haka ba. Tamu lafiyarta ƙalau, amyar ce ba ta so. Manoman nan kuma maƙwabtanmu ne, biyu daga ciki a sahu ɗaya muke salla. Na ɗaga hannu.

Malam Haruna ya ce, "To, ga Sale. Yanzu zai ce a sake duba biron ko yana rubutu."

Na ce, "Malam, a dakata da takardar nan. Turaren bana ba na Baba ba ne."

 Na faɗi komai, tun daga ambaliya har layin masu ƙamshi. Wani ya ce shi amya goma sha biyu ya saƙa, yatsunsa har yanzu ba su warke ba. Wani ya ce da ma ya ji ƙamshin ya yi kama da ɗakin matarsa. Nasiru ya ce, "Baba Sale, ka yi haƙuri, amma ni ban yarda ciyawa guda ce za ta yi wannan ba. Akwatuna shida na shafa wa kaki kawai, uku sun kama."

Na ce, "Uku cikin shida. Nawa tara cikin sittin. Ko rashin mutuniyar ne, ko abin da na zuba ne ya kore su, duka biyun hannuna ne."

Ya Falmata tana zaune a bakin zaure a kan tabarmarta har hayaniya ta lafa. Sannan ta ce, "Sale, shekara biyar kana kallon gora yana ƙarewa, bakinka ciwo yake yi?"

Na ce, "Yaya, Baba ne ya ce kada in faɗa."

Ta ce, "Baba ya ce kada ka faɗi sirri. Ya ce maka kada ka ce ya ƙare? Da ka yi magana tun shekarar farko, mu ashirin da mun bazu a fadamar nan muna nema tun kacalla ba ta rufe ko'ina ba. Kai da shi duk ɗaya kuke. Ni da na haifa masa jikoki tara, ko sau ɗaya bai nuna mini ita ba, wai mace ce, zan kai gidan wani."

Malam Haruna ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce maganar feshi tana nan, za a je a roƙi manoman su riƙa yi da yamma liƙis bayan zuma ta koma, amma roƙo za a yi, ba ƙara ba. Aka je kuwa, mafi yawansu suka yarda. Game da ni, ya ce bana babu saƙar farko. Na ce ko ba a faɗa ba ba zan karɓa ba. Wasu mutum huɗu suka ce daga yanzu su za su turara nasu da kansu. Sai a ranar na karanta musu abu huɗun nan a bainar jama'a.

Bayan kwana biyu Ya Falmata ta aiko a kira ni. Ta fito da tsohuwar jakar fata ta mahaifinta, wadda ba ta buɗe ba tun rasuwarsa. A can ƙasa, cikin wani ƙullin tsumma, akwai mutuniyar, ba ta kai cikin tafi ba. Ta tsufa, amma da na murza ƙamshin yana nan.

Ta ce, "Ungo. In ka sake ɓoye mini wani abu, da muciya zan zo gidanka."

Gwaji na yi da ita da kaka ta zagayo, ni da Nasiru. Na saƙa amya goma da hannuna, gamba ɗaya, shafe ɗaya. Biyar na turara da abu huɗu, biyar na ƙara musu mutuniyar. Nasiru ya ɗaura jan zare a masu ita, muka rataye su a jere a gawo biyar, kowace bishiya ɗaya mai zare ɗaya marar zare. Masu zare huɗu suka kama. Marasa zare biyu. Nasiru ya ce goma ta yi kaɗan a yanke hukunci, sai an yi da ɗari. Na yarda da shi. Amma da me za a yi da ɗarin? Abin da ya rage reshe ɗaya ne, na hana kaina ƙona shi don in riƙa nunawa. Na kakkaɓe 'yan ƙwayoyin da ke kansa na shuka a laka cikin kasko, na yi wata guda ina ba su ruwa. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Sauran amyoyin ƙungiya a shekarar da abu huɗu aka turara su. Kusan rabi suka kama. Ya fi shekarar masifa, amma bai kai da ba, kuma rabin da bai sami gida ba gari yake shiga. Bara an ƙone shida da na sani. Mutane sun fara gajiya da kiran mu.

Neman ta kuwa na yi iyakar ƙafata. Na shiga kwalekwale har wajen Baturiya, na nuna wa masunta reshen. Na je Kaugama wurin masu magani, kowa ya shinshina ya kira wani suna daban, in an kawo mini abin sai in ga ba ita ba ce. Wata tsohuwar Bafulatana a wani mashaya ta riƙe shi ta daɗe, ta ce ta san ta, shanu ba sa cin ta, suna yara sukan sa ta a cikin ƙwaryar nono don ƙamshi. Na ce sunanta fa? Ta faɗi wani abu da Fulatanci, sannan ta ce a'a, wannan wata ce daban, ta manta. Ta ce rabonta da ganin ta tun kafin ta aurar da autarta.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman masu kiwon zuma, da masunta, da makiyaya, da tsofaffin Barebari na wajen Nguru da Gashuwa har bakin Chadi. Ciyawar ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, tana ɗan yaɗo a ƙasa. Karanta yana da kusurwa huɗu in ka murza shi a yatsa. Ganyen ƙanana ne sirara, biyu-biyu suna kallon juna, bayansu da ɗan gashi. Furen fari ne da ɗan shuɗi, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Ƙamshinta tsakanin lemon tsami da ɗoɗɗoya. A laka take fitowa inda ruwa ya janye, cikin inuwa, ba ta wuce wata guda.

In ka san sunanta da kowane harshe, ko ka san bakin ruwan da take har yanzu, ka bar saƙo wurin masu sayar da zuma a kasuwar Hadejia, ka ce a gaya wa masu amya na wajen Auyo. Zan zo da reshen mu gwada. Kada a tuge ta, a bar ta ta yi iri. In kuma a wajenku da wani abu kuke turarawa zuma tana shiga, ku taimaka ku faɗa, ko da sirrin gidanku ne. In ma kun tabbata ta ƙare ko'ina, wannan ma labari ne, ku gaya mini in daina sa mutane jira.

Ruwa ya fara sauka, gawon ƙofar gidana ya fara toho. Jiya Malam Haruna ya aiko da amyoyinsa takwas, na jera su a zaure. Ɗan aiken ya ce a tambaye ni yaushe za a haƙa rami. Na ce ya ce masa nan da mako uku.